Murfin da Bai Yi Gumi Ba

A gidan su Sakuzo, wanda ya fi kowa cin daɗi shi ne wanda ba ya nan.

Kowace safiya, tun kafin a zuge ƙofofin katako, tsohuwa Tsune za ta auni farar shinkafa cikin tafin hannu, ta wanke, ta dafa a wata 'yar tukunya da ba ta yarda kowa ya taɓa. Sai ta zuba a jan akushi mai murfi, ta haɗa da miyar miso ta waken soya da ɗan busasshen kifi in an samu, ta jera a kan faranti mai ƙafafu, ta kai gaban hoton Kinji, ɗanta na biyu, wanda ke yaƙi a ƙasar Sin. Ta durƙusa ta ce masa ya ci, kamar ga shi nan zaune ya tanƙwashe ƙafa. Haka ake yi a duk gidan da ke da soja a ƙauyenmu na Hinokuchi, a ƙasar Japan. Kagezen ke nan, rabon wanda ba ya gida. In abincin ya huce sai a ɗaga murfin a duba. In ya yi gumi, mutum na raye, ya ci ya ƙoshi a inda yake. In kuwa aka same shi a bushe, to, ba a ma son faɗin abin da hakan ke nufi.

Idanun Tsune sun yi yana, dishi-dishi take gani, don haka da yatsa take dubawa. Ta shafa cikin murfin, ta ji danshi, sai fuskarta ta washe ta ce, "Ya ci." Maganar farko ke nan da ake ji daga bakinta kowace rana, kuma sau da yawa daga ita babu wata mai daɗi har rana ta faɗi.

Shi kuwa Sakuzo, babban ɗanta, yana gefen murhu da kwanonsa na sha'ir da aka cuɗa da yankakken daikon, wata farar saiwa mai kama da karas, don ya yi auki. Shi ya dasa shinkafar nan, ruwa har gwiwa, matsattsaku na shan jininsa. Shi ya yanke ta, ya sussuke, ya goya mafi yawanta ya kai wa mai gona. Ɗan abin da ya rage, wanda da can ake ɓoyewa don sabuwar shekara ko marar lafiya, yanzu ya zama na hoto. In ya huce tsohuwar ce ke cinyewa, tana yi wa Kinji hira tsakanin loma da loma. Ba shinkafar ce ta fi ci wa Sakuzo rai ba, ko da yake ita ma tana ci masa. Muryar ce. Ya kusa shekara talatin a gidan nan bai taɓa sanin uwarsa na da irin wannan muryar ba, mai laushi, mai wasa a ciki, sai da ya ji tana yi wa takarda a bayan gilashi. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba. So yake rana ɗaya ta juyo ta yi masa magana da ita.

Kishi ne, kuma ya san kishi ne. Gandamemen magidanci da matarsa, yana kishin ƙaninsa da ke can wata uwa duniya yana kwana cikin laka. In ya tuna sai kunya ta kama shi, amma kunyar ba ta taɓa rage masa komai ba.

Tun ranar awon soja abin ya yi saiwa. Da ya cika ashirin aka tara su a zauren makaranta, aka tuɓe su, aka auna tsawo da ƙirji, aka leƙa baki kamar ana cinikin akuya. Likitan soja ya dubi Sakuzo, gajere, mai tsukakken ƙirji, ya ce aji na uku, wato bai isa shiga soja ba, ko ɗaga kai bai sake yi ba. Ta bayan gonaki ya dawo gida don kada a tambaye shi. Uwar ta ce, "To, ai gona ma tana son mutum," ta ci gaba da tsince wake. Da lokacin Kinji ya zo, dogo, mai faɗin kafaɗa irin na marigayi ubansu, aka ce aji na farko. Ran nan har shinkafa da jan wake aka dafa aka raba wa maƙwabta. Da yaƙin Sin ya tashi aka kira shi, gari ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa, da tutoci da ganga, aka raka shi tashar jirgin ƙasa ana ɗaga hannuwa ana ihun banzai, wato ran sarki ya daɗe. Sakuzo ne ya riƙe masa jaka.

Ba a yi wata uku ba sojoji suka aiko neman dawakai. Aka duba Ao, dokin gidan, aka ce ya yi. Shi ma sai da aka rataya masa ƙyalle, 'yan makaranta suka yi layi da tutocinsu, aka raka shi har gada. Tsune ta yanki kaɗan daga gezarsa ta ajiye kusa da hoton. Da bazara ta zo, Sakuzo ya ɗaura igiyar garma a ƙirjin nan da likita ya raina, matarsa Fuki ta riƙe ta baya.

"Ka ga ko Ao ya ci awon," in ji Fuki, suna tsakiyar kunya. "Da ka iya haniniya da yanzu kana Sin ana dafa maka shinkafa."

"Rufe min baki."

"Na rufe. Ja mu gama, ranka ya daɗe, doki."

Ba mugunta ba ce. Fuki irin matan nan ce da in ba su yi dariya ba kuka za su yi, kuma ita kaɗai ce a gidan ta san inda ke yi masa ƙaiƙayi. Wani lokaci in tsohuwar ta ce "Ya ci," sai Fuki ta zunguri mijin da gwiwar hannu ta ce a hankali, "Kai fa, ka ci?" Ya harare ta, ta sunkuyar da kai tana ƙunshe dariya.

An kafa ɗan allon katako a ƙofar gidan, mai nuna cewa nan gidan soja ne. Masu wucewa sukan rusuna wa allon. Sau da yawa Sakuzo na tsaye daf da shi da kwandon taki a baya, a rusuna wa katako a wuce shi.

A kakar shekara ta biyu aka ce birnin Hankou na Sin ya faɗi. Aka yi jerin gwano da fitilun takarda, aka sha giya, aka yi waƙe-waƙe har muryoyi suka dushe. Babu ko mutum ɗaya a Hinokuchi da zai iya nuna maka inda Hankou yake, balle ya tambayi su wa ke zaune a cikinsa da, ko ina suka nufa da tsofaffinsu. Mu dai an ce mun ci, mun kuwa yi murna. Sai dai tun kafin girbi ba a sake jin ɗuriyar Kinji ba. Aka ce ai rundunar tana tafiya ne, mai tafiya ba ya zaman rubutu. Daga nan murfin akushin nan ya zama shi ne abin da tsohuwar ta rataya ranta a kai.

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, Kabasawa ya zo gaisuwa. Shi ne shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji, mai murɗaɗɗen gashin baki da lambar yabo ta yaƙin Rasha, ko da yake sa'o'insa sun ce a bakin tukunya ya yi nasa yaƙin. Ya zauna a wurin baƙi, ya rusuna wa hoton, ya gyara murya.

"Tsune-san, gidan nan abin alfaharin Hinokuchi ne. Ɗa a fagen daga, doki a fagen daga. Gida nawa ne za su faɗi haka?"

"Abin da muke da shi muka bayar," ta ce. "Ɗa ɗaya gare ni da ƙasa za ta mora, na kuwa ba ta."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Kamar ta ce yau akwai sanyi. Sakuzo na durƙushe yana zuba wa baƙon shayi, ya ji maganar ta shige shi har ƙashi.

Kabasawa ya so ya gyara, ya ƙara ɓatawa. "A'a, ai Sakuzo-kun ma yana nasa ƙoƙarin. Dole a sami mai gadin gida, in ba haka ba wa zai kori hankaki? Ko ba haka ba, mai gadi?"

"Haka ne," in ji Sakuzo. Ya rusuna, ya miƙa masa kofin da hannu biyu.

Washegari gari ya waye fari fat. Tsune ta jera farantin kamar kullum, ta yi wa Kinji albishir cewa ƙanƙara ta sauka, ta ce ya rufe wuyansa da kyau. Sannan ta lalubi bango ta zagaya baya don ba kaji tsaki. Fuki ta tafi rijiya. Aka bar Sakuzo shi kaɗai yana saƙa takalmin ciyawa, ƙanshin sabuwar shinkafa ya cika ɗakin.

Da farko loma ɗaya kawai ya yi niyya. Shinkafarsa ce, guminsa ne, wa zai ce ya yi sata? Ya matsa, ya ɗaga murfin, tururi ya bugi fuskarsa. Ya tsakuri kaɗan daga gefe ya kai baki, ya shafe gurbin da yatsa. Sai wani ɗigon ruwa ya gangaro daga murfin ya faɗo masa a bayan hannu. Ya tsaya yana kallonsa. Wannan ɗan ruwan ne fa ake jira kowace safiya. Wannan ne ya fi shi daraja a gidan ubansa.

Ya ɗaga ido ya dubi hoton. Kinji na ciki da hular soja, ya ɗaga haɓa, da ɗan murmushin nan nasa na wanda bai taɓa roƙon komai ba, ba shi ake yi.

Bai yi fatan mutuwar ƙaninsa ba, wannan kam a faɗa masa gaskiyarsa. Shi ya goya yaron nan yana ƙarami, shi ya koya masa kamun kifi da hannu. Abin da ya hango kawai shi ne tsohuwar ta shafa ta ji wayam, ta firgita, ta juyo ta damƙi hannunsa ta ce, Sakuzo, yaya za mu yi? Shi kuma ya riƙe ta, ya kira ta yadda muke kiran uwa, ya ce, Okka, kwantar da hankalinki, sanyi ne ya hana, ga ni nan ai. Gobe murfi ya yi guminsa, shi ke nan, ba wanda ya yi asara. Safiya ɗaya tak yake nema a ba shi aro.

Ya riƙe murfin a hannu har tururin ya gama fita, shinkafar ta yi sanyi. Sannan ya sa hannun rigarsa ya goge cikinsa tas, har lungun baki, ya mayar ya rufe. Ya koma kan saƙarsa.

Tsune ta shigo tana hura hannuwa. Ta durƙusa, ta ɗaga murfin, ta shafa. Ta sake shafawa. Ta bi gefen da yatsa a hankali, ta zagaye shi kaf, ta juya shi, ta manna shi a kumatunta. Sakuzo ya ajiye saƙar, ya matso har gwiwarsa na taɓa tata, ya ajiye hannunsa inda za ta same shi in ta lalubo.

"Okka, lafiya?"

Ba ta lalubo ba. Ta ajiye murfin a hankali kamar mai gudun ta da wani daga barci. Ta ce, "Kinji," can ƙasa-ƙasa. Ta dafa kafaɗar Sakuzo ta miƙe, irin dafawar da take yi wa ginshiƙin ɗakin, ta zari damin ciyawa daga cikin abin saƙarsa, ta fice. Takalmanta na nan a bakin ƙofa ba ta sa ba.

A ƙofa suka yi kiciɓis da Fuki ɗauke da bokitai. Fuki ta bi ta da kallo, ta leƙo ɗakin, ta ga murfi a buɗe, ta ga mijinta zaune ya yi tsuru-tsuru, bakin hannun rigarsa a jiƙe. Ba ta buƙaci a yi mata bayani ba.

"Kai! Me ka yi?"

"Ban yi zaton..."

"Ba ka yi zaton me ba? Da wa kake wasa, da matar da ba ta da komai sai wannan murfin? Tashi! Wurin Hachiman ta nufa, ba takalmi. Tashi mana, ka zauna kana kallona kamar an dasa ka!"

Ya fita da gudu.

Ɗakin bautar Hachiman, ubangijin yaƙi, yana kan tudu a bayan gari, tsakanin dogayen itatuwa. Ko da ya isa, ta riga ta fara. Kowa a nan ya san wannan roƙon: daga ƙofar dutse zuwa igiyar ƙararrawa, a rusuna, a dawo, har sau ɗari, ƙafa ba takalmi, ana yar da tsinken ciyawa ɗaya a kowane zuwa don kada lissafi ya ɓace. Kuma ba a magana. In mai yi ya buɗe baki, ko ya amsa wa wani, duk abin da ya yi ya rushe, sai ya sake daga farko. Mata sukan yi shi a ɓoye. Tsune ba ta da lokacin ɓuya. Tana tafe tana lalube, ƙanƙara har idon sawu, iska na kaɗa furfurarta.

"Okka! Tsaya ki ji, ni ne na..."

Aka damƙe shi ta baya. Kabasawa ne, ya fito daga gidansa da ke gindin tudun ko ɗamara bai gama ɗaurawa ba.

"Kai, kanka ɗaya kuwa? So kake ka karya mata, ta sake daga farko cikin wannan sanyin?"

"Kabasawa-san, ƙafarta..."

"Ƙafarta ta fi taka sanin abin da take yi. Yi shiru ka koyi wani abu."

Kafin a jima mutane sun taru. Matan ƙungiyar taimakon sojoji da fararen rigunansu na aiki, tsofaffi, har malamin makaranta ya kawo ɗalibansa ya jera su, ya ce su buɗe ido su ga yadda uwar soja take. Wasu na sharar hawaye. Kabasawa na faɗa wa na kusa da shi cewa wannan sai an kai wa jarida.

Sakuzo ya dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya. In ya ɗaga murya yanzu ya ce shi ya goge murfin, a gabansu, shi ɗan aji na uku ya sa hannu a rabon sojan da ke fagen daga, ya san sunan da za a kira shi da shi kafin rana ta take. Maci amanar ƙasa. Ba mai sake taya su dashe, ba mai sake amsa gaisuwar Fuki a rijiya. Wannan duk da sauƙi. Uwar ce za ta juyo da idanun nan masu yana ta dube shi, kallon da ya daɗe yana nema, amma ba irin wanda yake so ba. Maganar ta zo har maƙogwaro, ya haɗiye ta.

Ya tsaya yana kallo, tsinke na faɗuwa bayan tsinke. Ƙafafunta suka yi ja, suka koma shuɗi, daga baya sawunta ya fara barin ɗigon jini a kan farar hanya. Tausayi ya kama shi. Amma ko a wannan halin, don a san irin ciwon da ke jikin mutumin nan, wata murya a cikinsa tambaya take yi: da ni ne, za ta taka ko sau ɗaya?

Da tsinken ƙarshe ya faɗi ta ja igiyar ƙararrawa, ta rusuna, ba ta iya ɗagowa ba. Nan kam ba wanda ya riƙe shi. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya naɗe mata ƙafafu, ya goya ta. Ba ta fi damin ciyawa nauyi ba. Hannuwanta suka zagaye wuyansa, kumatunta a kan kafaɗarsa, rabon da jikinsu ya haɗu haka tun yana yaye. Duk tsawon gangaren tana motsa baki a gefen kunnensa, sunan Kinji take kira.

Kafin yamma zazzaɓi ya rufe ta. Aka ɗauko likita daga birni a kan keken ƙanƙara, ya saurari ƙirjinta, ya ja Sakuzo gefe ya ce sanyi ya shiga huhu, a shekarunta kuwa sai dai a yi ta ɗumama ta a jira. Maƙwabta suka yi ta zuwa da ƙwai da busassun 'ya'yan itace, kowa ya shigo sai ya fara rusuna wa hoton kafin ya tambayi mai jiki.

"Ka faɗa mata," in ji Fuki, suna wanke tsummoki a bayan gida. "Ba ciwon ƙirji ne kaɗai ke cin ta ba. Gani take ɗanta ya mutu."

"In na faɗa ba za ta sake ko kiran sunana ba."

"Da can kiransa take yi? Haba, mutumin nan. Ka zaɓa, ko ta tsane ka tana raye, ko ka binne ta tana ganinka salihi."

Ya shiga, ya durƙusa a gefen shimfiɗarta, ya kafa goshi a tabarma ya faɗa mata duka. Ya ce shi ne, da hannun rigarsa, Kinji bai yi komai ba, murfin ya yi gumi kamar kullum. Ya jira duka, ko tsinuwa, ko ma tofin yawu, duk zai karɓa da godiya. Numfashinta kawai ke fita da ƙara. Can ta motsa leɓe.

"An sa wa Kinji abinci?"

Ko kalma ɗaya ba ta shige ta ba.

Da safe shi ya wanke shinkafar da kansa, ya dafa a 'yar tukunyar da aka hana kowa taɓawa. Ya zuba ta da zafinta, ya rufe da sauri, ya tsaya a kanta kamar mai gadin gaske. Bai kai gaban hoton ba. Ya ɗauki farantin ya kai har gefen shimfiɗarta, ya tallafo ta ya jingina ta da matashi, ya ɗaga murfin ya sa mata a hannu. Ruwa har ɗiga yake.

"Okka, shafa ki ji."

Ta shafa. Yatsunta suka tsaya cak. Ta kai su baki ta ɗanɗana, sai fuskar nan da zazzaɓi ya ƙone ta fara washewa a hankali. Ta saki murfin, hannunta ya ci gaba da lalube, ya sami wuyan hannunsa, ya hau damtse, ya hau kafaɗa, ya kai fuska. Ta shafa kumatunsa, ta shafa kunnensa, ta murɗa shi kaɗan.

"Ɗan banza," ta ce. "Ka dawo ba ka aiko an faɗa min ba? Ka so ka kashe ni, Kinji."

Muryar ce. Ita ce dai, da laushinta da wasanta, kuma yau ba takarda ake yi wa ba, shi ake yi wa, a fuskarsa, har yana jin ɗumin numfashinta.

Fuki na durƙushe a bakin ƙofa da kwanon magani. Ta buɗe baki. "Okka, ai wannan..."

Sakuzo ya ɗaga mata hannu ba tare da ya waiwaya ba.

"Na dawo, Okka," ya ce.

"Ka rame. Dubi wuyanka. Ba sa ba ku abinci a can? Matso nan, matso. Hannunka duk ya yi kanta, me suke sa ku yi haka?"

"Aiki ne, Okka."

"Aikin ya isa haka. Ka zauna ka huta, ba inda za ka sake zuwa." Ta jawo kansa ta ɗora a ƙirjinta, tana shafawa tana ɗan bubbuga bayansa. Ya rufe ido. Daɗin abin ya fi yadda ya zata, kuma kowace shafa sai ya ji kamar ana zare masa wani abu, don ya san ba tasa ba ce. A kan ƙirjin uwarsa yake, a cikin hannunta, kuma bai taɓa jin kishin Kinji irin na wannan lokacin ba.

Ya san bai kamata ya tambaya ba. Ya ji Fuki ta ja numfashi a bayansa, kamar ta san abin da zai fito. Amma dama ce da ba za ta sake zuwa ba, ya ji abin da ake faɗa a kansa in ba ya wurin.

"Okka," ya ce, "yaya Sakuzo fa? Ya kula da ke da ba na nan?"

"Sakuzo?" Ta ɗan yi jim, kamar mai neman inda ta ajiye allura. "Yana nan. Ina zai je?"

Ta lalubo akushin ta tura masa, ta danƙa masa tsinken cin abinci a hannu, ta rage murya irin ta masu haɗa baki.

"Ci maza kafin ya shigo. Ka san yayanka da sa ido."

Fuki ta ajiye kwanon maganin ta fita, ta ja ƙofa a hankali. Sakuzo ya ɗauki akushin da hannu biyu. Tsohuwar ta karkato kunne tana jira ta ji yana tauna, sai ya fara ci.